Allon Tangaran da Garwar Kananzir: Tsokaci Kan Tara Kayan Tallar Zamanin Fitila

Daga cikin sha'awoyin da suka samu gindin zama a ƙasashen Turai da Amurka akwai tara tsofaffin kayan talla: allunan ƙarfe da ake kafawa a ƙofar kanti, hotunan bango, kalandu, gwangwanaye, kwalayen ashana, da duk wani abu da kamfani ya buga wa sunansa domin jawo hankalin mai saye. Masu wannan sha'awa suna da ƙungiyoyi da mujallu da kasuwannin gwanjo, har ma da gidajen kallo. A Ingila, Robert Opie ya fara ne da takardar alewa guda da ya ƙi jefarwa a 1963, yana ɗan shekara 16. A 1984 tarin nasa ya zama gidan kallo a garin Gloucester, daga baya aka mai da shi Landan. Cikin kayan da ake rububi kuwa, na zamanin fitilar kananzir suna sahun gaba, wato na ƙarshen ƙarni na 19 zuwa lokacin da lantarki ya game gidajen Turawa.

Abin ya shafe mu ta fuska biyu. Wasu daga cikin kayan nan hotonmu ne a jikinsu, wasu kuma don kasuwanninmu aka yi su. Saboda haka ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su tsaya su duba ma'aunin da masu tarin nan suke auna kaya da shi, tun kafin mu are shi mu yafa ba tare da mun gwada ko ya yi mana daidai ba.

Mu fara ba su haƙƙinsu, domin akwai gwaninta ta gaske a cikin abin da suke tarawa. A shekarun 1890 mai zane Jules Chéret ya yi wa kamfanin Fenaille et Despeaux jerin hotunan bango na tallar wani man fitila mai suna Saxoléine. Kusan kowane hoto mace ce guda, cikin tufafi masu ɗaukar ido, tana gyara fitila mai rumfa ja ko rawaya, hasken ya faɗo mata a fuska da kafaɗa. Duk wanda ya taɓa koyar da siffantawa a aji ya san wuyar sa ɗalibi ya bayyana haske da kalmomi. Chéret ya yi shi da launuka kaɗan a kan dutsen ɗab'i. Sai dai mai karatu ya lura da abin da aka ɓoye. Man kansa ba ya cikin hoton. Babu wari, babu baƙin hayaƙi a rufin ɗaki, babu gobara, alhali kalmomin da aka rubuta tare da sunan, masu nufin «mai marar haɗari», sun isa shaida cewa tsoron gobarar nan shi ne abin da ke zukatan masu saye. Talla mai kyau takan amsa tambayar da ta ƙi bari a furta.

Allon tangaran shi ma aikin ƙwararru ne: farantin ƙarfe ake barbaɗa wa garin gilashi mai launi, a gasa shi a wuta mai zafin da ya kai awo 800 ko fiye, launi bayan launi, har ya fito da irin rufin da muka sani a jikin langa da fanteka. Rana ba ta koɗar da shi, ruwa ba ya cin sa, sai in an buge shi ya ɓantale. To, a nan ne ma'aunin masu tarin ya fito fili. A wurinsu darajar allo tana ga lafiyar jikinsa. Ɓantali ɗaya yana rage kuɗi, tsatsa tana ƙara ragewa, wanda ya fi kowane tsada kuwa shi ne wanda aka manta da shi a sito, bai taɓa shan rana a bango ba. Ma'ana, abin da ya fi daraja shi ne wanda idon mai saye bai taɓa sauka a kansa ba. Irin wannan tari labarin mai sayarwa kaɗai yake iya bayarwa: abin da ya so ya faɗa, da siffar da ya so a gan shi da ita. A ƙasar da mai sayarwa da mai saye harshensu ɗaya, gibin bai cika girma ba. A tamu ƙasa, gibin shi ne labarin gaba ɗaya.

Kananzir bai tarar da mu cikin duhu ba. Kalmar fitila kanta daga Larabci ta zo, inda take nufin lagwani, kuma ta riga Bature isowa da nisa. Kakanninmu suna da a-ci-bal-bal ta yumɓu ko ta ƙarfe, ana zuba mata man gyaɗa ko man kaɗanya ko man shanu, a murza auduga a yi lagwani. Almajirai kuma suna karatun dare da wutar kara. Sabon man ya shigo ta bakin teku. A 1907 kamfanin Vacuum Oil na Amurka ya fara sayar da kananzir mai tambarin Sunflower a Nijeriya. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya tashi gadan-gadan daga 1912, kuma daga Kano ne raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, suka riƙa hauro da kaya zuwa Damagaram da Tasawa da Maraɗi. Yamai, da ta zama babban birni a 1926, takan samu nata ta hanyar Kwatano. Masu kantunan su ne CFAO, wadda aka kafa a Marseille a 1887, da SCOA, da CNF, ƴar gidan UAC a yankin Faransa, tare da ƴan kasuwa Kwarori da alhazan da suka tashi a ƙarƙashinsu, waɗanda Emmanuel Grégoire ya yi nazarin na Maraɗi a littafinsa na 1986.

Kantin da ke auna gyaɗar manomi a kaka shi ne ke sayar masa da akoko da sukari da sabulu da kananzir. A duba wannan zagaye da kyau. Mutumin da yake kunna fitilarsa da man da matarsa ta matse daga gyaɗar gonarsa, yanzu ya sayar da gyaɗar an kai Marseille ko Ingila an yi mai da sabulu, shi kuma ya sayi man fitila da aka haƙo a wata nahiya. Ba mai musun cewa hasken kananzir ya fi, ko cewa fitilar ƙwai, irin Feuerhand ta Jamus, ta magance matsalar iska da a-ci-bal-bal ba ta iya jurewa. Amma sabon hasken sai da kuɗi a hannu, kuɗin kuwa lanho ya riga ya kafa musu ido. Ƴan kasuwar man sun san wannan lissafi sarai: a ƙasar Sin, a farkon ƙarni na 20, Standard Oil ya rarraba ƙananan fitilu masu suna Mei Foo kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, domin wanda ya karɓi fitila ya zama mai sayen mai har abada. Allon da ke rataye a falon mai tari ba ya faɗin ko ɗaya daga cikin wannan.

Sa'an nan, wa ke karanta allon? A 1960 yaran Nijar da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Rubutun Faransanci ko Ingilishi a ƙofar kanti ado ne kawai ga mafi yawan masu shiga. Abin da ido ke kamawa shi ne tambari: hannu riƙe da harshen wuta a jikin Feuerhand, jan doki mai fuka-fuki na Mobil, ƙumbar Shell. Daga nan sai baki ya karɓi aiki, ya raɗa wa kaya sunan da kamfani bai ba su ba, ko ya lanƙwasa na kamfanin har ya zauna a harshe. Aka samu taba mai zobe da mai basukur, aka samu Rali da Singa, bula ta wanki da mantileta ta mura, risho daga Faransanci, kanti da kananzir daga Ingilishi. Turaren Bint el Sudan, da kamfanin W. J. Bush na Landan ya fito da shi a 1920, ya zama Bintu Sudan, ya shiga lefe da kayan biki kamar a nan aka haife shi. Wannan raɗin suna shi ne sharhin farko da Bahaushe ya yi wa tallar Bature, kuma sharhi ne mai hukunci, domin kayan da jama'a ba su karɓa ba ko suna ba su samu ba.

Ita kalmar talla ma tana da abin cewa. A Hausa, kafin ta ɗauki ma'anar allo da rediyo, talla tafiya ce da murya: faranti a ka, ana bin lungu ana kira. Wanda ya isar da kananzir ɗakin tsohuwa a ƙauye shi ne ɗan koli mai bin kasuwanni, da dillaliya mai shiga gidajen kulle, da yarinyar da ke zagayawa gab da magariba da kwalba da ɗan gwangwanin awo. Su ne suka karya garwa zuwa awon da talaka zai iya saye, na dare ɗaya. Wannan talla ba ta bar allo ba, ba ta bar kalanda ba. Tana cikin kawunan tsofaffi.

Abin da ta bari na riƙewa a hannu shi ne garwa, kuma a nawa ganin duk tarin da za a yi a ƙasar nan daga kanta ya kamata ya fara. Garwar kananzir tana cin galan 4, kimanin lita 18, ana jera biyu cikin akwatin katako guda. Da man ya ƙare sai rayuwarta ta biyu ta soma, wadda ta fi ta farko tsawo. Ƴan ga-ruwa sun rataya biyu a sanda sun shayar da birane da su shekara da shekaru, kafin jarkokin roba da kura su karɓe su. An auna hatsi da manja da ita. An fasa ta an miƙe an yi ƙyaure da rufi da akwatin tufafi. Ɗaliban Faransanci za su so sanin cewa kalmar bidonville, da ta fito daga Maroko, irin wannan gini na garewani ta fara nufi. Katakon akwatin ya zama benci da tebur ɗin mai shayi. Ƙananan gwangwanaye ma ba su tsira ba: maƙeran gwangwani sun huda murfin na madara ko na tumatir, suka liƙa bututun lagwani, sai ga sabuwar a-ci-bal-bal mai shan kananzir, sunan kamfani yana nan a cikinta yana shan hayaƙi a teburin mai tsire. Kuntigin da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya shahara da shi, irin kayan kiɗan nan ne da akan yi wa ƙoƙo da gwangwanin kifi a rufe da fata. Ga ma'aunin gwanjon Turai duk waɗannan kaya sun lalace. Ga mai nazarin al'ada kuwa kowace huda da kowane liƙi rubutu ne, kuma hannunmu ne ya yi shi.

Akwai wani rukunin kaya da ya fi wuyar sha'ani, shi ne wanda aka yi talla da fuskarmu. Mafi shahara shi ne Banania, garin koko da ayaba, wanda tun 1915 ya ɗauki hoton sojan Afirka mai jar dara yana dariya har kunne, da ɗan taken nan na gurɓataccen Faransanci da aka laƙa masa. An yi hoton ne a tsakiyar yaƙin duniya na farko, lokacin da ake kwasar samarin Afirka ta Yamma zuwa ramukan daga. Senghor ya yi tir da dariyar nan a waƙar da ya buɗe Hosties noires da ita a 1948. Sai a 2011 wata kotun ɗaukaka ƙara a Versailles ta hana sayar da kaya masu ɗauke da taken, bisa ƙarar ƙungiyar MRAP. Amma tsofaffin gwangwanayen suna nan suna ciniki, kuma mai saye yakan ce shi ƙuruciyarsa yake tunawa, da karin kumallon gidan kakarsa. Mai yiwuwa gaskiya yake faɗi. Sai dai tunawar da ba ta tambayi wane ne mai dariyar ba, ba ta kuma ji labarin sojojin da aka harbe a sansanin Thiaroye ranar 1 ga Disamba 1944 don sun nemi haƙƙinsu ba, tunawa ce mai ido ɗaya. Ban ga amfanin fasa irin waɗannan kaya ko ɓoye su ba. Baje kolin Négripub da aka yi a ɗakin karatu na Forney a Paris a 1987 ya nuna hanya: a jera su, a sa musu shekara, a bayyana wa aka yi wa su da abin da ke faruwa a lokacin. A ajinmu kuwa muna da abin da Paris ba ta da shi, domin da wuya a rasa ɗalibin da kakansa ko kakan maƙwabcinsa tsohon soja ne, da hotonsa na gaske a bangon zaure.

Yana da kyau a ajiye kusa da shi hoton da aka yi domin aljihunmu, kamar tallar keken Raleigh inda wani Ba'afirke ke tsere wa zaki a kan kekensa yana murmushi. Nan an yi mana kirari, tun da kuɗinmu ake nema: mutumin ya fi zaki wayo, kekensa ya fi zaki gudu. Duk da haka mai zanen bai iya hango Afirka ba tare da zaki ba, alhali masu sayen Rali malaman makaranta ne da akawuna da ƴan kasuwar birni, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin zaki ba. Ɗalibin da aka ba hotunan nan biyu ya kwatanta, ya samu darasin nazarin matani da ya fi na littafin aji armashi.

Kada a ce tara kaya baƙon abu ne a wurinmu. Jeren ɗakin amarya tari ne cikakke, mai ƙa'ida da suna da daraja: daga ƙore da tasoshi aka koma langa da fanteka da samira, aka jera su har rufi, kowane zane da sunansa, mata kuma sun san wanda ake yayi da wanda ya kwanta. Bambancin shi ne jere sabo yake so. Da yayi ya wuce sai a sayar da tsoho a ƙara kuɗi a sayi na zamani, domin jere dukiya ce da ake juyawa. Shi ya sa gidan da ya ga yayi biyar ba lalle a samu shaidar na farko a cikinsa ba. Bature yana son tsohon da ya yi kama da sabo, mu muna son sabo tsantsa. Tsohon da ya yi kama da tsoho ya rasa mai so a ɓangarorin biyu.

Ga shi kuwa lokaci ba ya jira. Zamanin fitila da ya zama tarihi mai nisa a Turai, a nan jiya-jiya ya wuce. Lamorde da sauran unguwannin Haro Banda sun ga gadar Kennedy a 1970, suka ga jami'a ta zauna kusa da su, amma ɗalibai da yawa da suke malamai a yau da fitilar ƙwai suka yi bitar jarrabawa. Abin da ya kashe ta ma, tocilan Sin masu batir ne da suka cika kasuwa a shekarun 2000, sai wayar hannu da fitilar hasken rana suka ƙarasa. Lantarki har yanzu bai kai ga mafi yawan gidajen ƙasar ba. Ke nan shaidu suna raye, kayan ne ke ɓacewa. Ambaliyar 2012 da ta 2020, lokacin da ruwan kogin Isa ya ci ƙarfin madatsar Lamorde, sun rushe ɗakunan ƙasa masu yawa, kuma a irin ɗakunan nan ne tsofaffin akwatuna da kalandu da rasiɗan kanti suke kwana. Abin da ruwa ya bari, masu sayen tsohon ƙarfe a kilo suna bin gida-gida suna kwasa, ya ƙare a kasuwar Katako ko a bayan babbar mota.

Mun koyi kukan kayan tarihi a kan tukwane da mutum-mutumin Bura, waɗanda Bube Gado ya tono a 1983, ɓarayi kuma suka wawashe filayensu har hukumar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Muna da dokar kare kayan gado ta 1997, muna da Gidan Kallo na Bubu Hama tun 1959. Amma idonmu ya saba ganin gado a abin da ya riga Bature kawai, ko abin da ba hannunsa a ciki. Garwa ba ta cika wannan sharaɗi ba, sai muka bar ta a bola, alhali shekarun da ta yi tana aiki a cikinsu su ne suka sauya cinmu da shanmu da lissafinmu da lokacin kwanciyarmu.

Aikin bai fi ƙarfin ƙungiyar unguwa ko kwaleji guda ba, kuma ba ya bukatar a raba tsohuwa da kayanta. Hoto da bayani sun wadatar in mai abu ba ya son bayarwa. Abin da ya wajaba shi ne kowane abu ya zo da takardarsa, cikin harshen mai shi, Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, kafin a fassara: yaya ake kiransa, wa ya saya, a wane kanti ko wace kasuwa, da dala nawa, a shekarar wane sarki ko wace yunwa, me aka sayar aka samu kuɗin, wa ke da izinin kunna shi da dare, da me aka mai da shi bayan ya tsufa. Malamin Faransanci ya karanta rubutun jikin gwangwani da ɗalibai, malamin Hausa ya bi sunan da kiran tallar, malamin tarihi ya nemo hanyar da kayan suka biyo. A kuma gargaɗi yara tun kafin su fita, domin hannunsu zai yi ƙaiƙayin gyara: kada su kankare tsatsa, kada su shafa fenti, kada su cire tsumman da aka toshe bakin tankin fitila da shi bayan murfin ya ɓace.